Kasuwar da Ban Ci Ba

Damagaram, unguwar Zango, farkon watan shida

Zuwa ga ɗiyata Ilham, a Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da karatunki na likita da zafin garin nan naku da ake ba mu labari. Ni dai sai godiyar Allah, amma ba zan ce miki lau ba, don ba na yi wa jinina ƙarya. Kakarki ta wajen uba da uwata nono ɗaya suka sha, to ko da ba mu haɗu ba tun bikin Safiya, ke tawa ce.

Kada ki yi mamakin takarda. Kunnena da tarho ba sa shiri, sai an ɗaga murya har maƙwabta su san abin da na ci. Hannun da ya koyar da matan Gidimuni a ajin yaƙi da jahilci kuwa bai manta alƙalami ba. Alkasum direban kar, motar fasinjan nan, zai kawo miki, shi kuma zai karɓo amsa.

Kin ji an same ni da ciwon sikari. Tun ranar yayanki, ɗan farina wanda ba na kama sunansa, ya kwaso ni daga Gidimuni ya ajiye ni a gidansa, wai in huta. Ilham, hutu ne kamar na tunkiyar layya. Ba shara, ba daka, ko buta na ɗauka sai matarsa Zahra'u ta rugo ta karɓe. Yarinyar kirki ce, umarni take bi. Kowace safiya ta soke mini yatsa da ɗan injin da ya sayo, lamba kuwa sai hawa take.

Lokotoro, likitan da ke duba ni, ya ce in lambar ta sauka kafin ƙarshen damina, zan zauna kan ƙwayoyi in koma gida. In ba ta sauka ba, sai allura, allurar kuma sai a sanyin firigo, ni kuwa gidana na bakin tafki ba kuran, wato lantarki. Ma'ana ni da lambuna sai a mafarki. Ƙanen marigayi maigidana, Habu, ya riga ya aiko cewa in ban zo na gyara fangali bayan kaka ba, zai ba wani aro. Lambun nan ni da marigayi muka haƙa rijiyarsa.

Ga sirrin. Ina da ƙawa a unguwar Birni, Kande, ’yar garinmu, tana fama da gwiwa. Na ce zan riƙa zuwa duba ta da safe. Suna zaton kabu-kabu nake hawa. Ina! Da na sha kwana sai in ɗaura zane in kama hanya da ƙafa, in ratsa duwatsun Birni, in gaishe ta, in dawo. Tun da na fara, lambar ta soma sauka, barci ya dawo, ƙishin nan ya ragu. Sau ɗaya dai na fita ban karya ba, jiri ya kama ni da gumi da rawar hannu, sai da na zauna a gindin dutse.

Ke mai karatu ce, faɗa mini: tafiyar ce ko dai sa’a? Kuma na haɗa ki da Allah, kada yayanki ya ji. In ya ji uwarsa na tafiya da ƙafa a garin da abokan aikinsa ke wucewa a mota, shi ke nan.

Goggonki, Barira

*

Yamai, tsakiyar watan shida

Zuwa ga Goggo Barira.

Amin wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Yaya Mahamud da Anti Zahra’u da yara. Ni lafiya lau, sai jarrabawa da ta sa mu gaba. Na karanta takardarki har sau uku, ina dariya ina share hawaye. Tunkiyar layya, Goggo!

Ba sa’a ba ce, tafiyar ce. Bari in faɗa miki da harshen lambu. Abincin da kika ci yana komawa sikari ya shiga jini, kamar ruwa a magudana. Tsokar jiki ita ce fangali, ita ke buƙatar ruwan. Akwai wani abu da jiki ke yi, sunansa insulin, shi ke buɗe bakin fangali. A irin ciwonki insulin ɗin yana nan, sai dai bakin ya ƙi buɗuwa sosai, ruwa ya taru a magudana yana ɓarna, fangali kuma na jin ƙishi. In tsoka tana aiki, tana jan sikari da kanta, kuma bayan an gama tafiyar tana jin maganar insulin fiye da da. Amma wannan sauƙin ba ya daɗewa. Kwana ɗaya ne ko biyu, in an zauna sai bakin ya soma toshewa. Shi ya sa ba tafiya mai wahala ake so ba, mai ɗorewa ake so. Ki yi saurin da numfashinki zai ɗan ɗaga, amma kina iya amsa gaisuwa.

Jirin nan kuwa ya tsorata ni. Ƙwaya da tafiya da yunwa in suka haɗu, sikari na iya faɗuwa ƙasa da yadda ya kamata. Don Allah kada ki ƙara fita ba ki karya ba, ki kuma ƙulla dabino biyu a bakin zane saboda irin wannan. Kada ki bar shan ƙwayarki. Ki sa takalmi mai rufi, ki duba tafin ƙafarki kowace yamma, don ciwon nan yana ɓoye rauni. Kuma ki faɗa wa lokotoro kina tafiya, ko da a kunne ne.

Maganar Yaya kuma, ki kwantar da hankalinki. Wallahi daga bakina ba zai ji ba. In sha Allahu da sanyin bana zan zo Gidimuni in ci rogon lambunki.

Ɗiyarki, Ilham

*

Damagaram, watan bakwai

Ilham,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Na rubuta wannan ne don haka aka saba buɗe takarda kawai.

Na bi maganarki kamar karatun allo. Na karya kafin in fita, na ƙulla dabino, na sa takalmin da ya sa na yi kama da soja. Lambar ta sauka har Zahra’u ta yi guɗa. Na soma lissafin irin albasa da zan tafi da shi.

Shekaranjiya da tsakar rana yayanki ya baro aiki ya faɗo gida ko sallama babu. Kai tsaye ɗakina. Ya ɗaga katifa, ya buɗe kwalla, ya leƙa ƙarƙashin gado, yana cewa, “Ina farantin, Inna? Ina kayan da kike kasawa?” Na ce wane faranti? Ya ce, “Me na rage ki da shi? Ci ne ko sutura? Ni ina biro, wajen aiki, ana ce mini ranka ya daɗe, uwata tana zaune a kasuwa kowace safiya tana jiran masu saye!” Ilham, a gaban matarsa, a gaban jikokina, matan maƙwabta sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Bai tsaya nan ba. Ya tafi Birni ya sami Kande, matar da ta goya shi yana jariri, ya ce da ita ake haɗa baki. Ta aiko mini cewa in bar wahalar da kaina da zuwa. Yanzu an gaya wa gardi mai tsaron ƙofa kada in fita da ƙafa. In zan je ko’ina, kabu-kabu zai shigo har zaure ya ɗauke ni kamar buhun gero.

Da dare ya yi ban ci ba, da safe na tsare Zahra’u. Ta sunkuyar da kai ta ce mesaji ne ya shigo masa daga Yamai.

Wa na sani a Yamai?

Ke kaɗai na faɗa wa. Ban faɗa wa Habu ba, ban faɗa wa ’ya’yan cikina ba. Na tsallake su duka na miƙa wa ɗiyar da na gani sau uku a rayuwata, don na ce mai ilimi ce, ta san darajar magana. Kika rantse da Allah a rubuce, takardar tana nan cikin kwallata. Da tona asirin kawai kika yi, da na ce ƙuruciya ce. Amma kasuwa? Yaushe na ce miki ina cin kasuwa? Kin tona, kin kuma ɗora ƙarya a kai. Me na yi miki? Ko a makarantar taku haka ake koya muku, ku ji ciwon mutum ku kai shi inda zai fi ciwo?

Ki amsa mini. Ina so in ga da wane hannu za ki rubuta.

Barira

*

Damagaram, watan takwas

Ilham,

Assalamu alaikum. Ruwa ya sauka sosai, an ce gero ya yi kyau a Mirriya da Dogo. Ni ban gani ba, katanga nake gani.

Alkasum ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, hannu wofi. Ya ce ya ba mai gadin gidanku takardar. To na gane, shiru shi ne amsarki.

Abin da kika faɗa na fangali gaskiya ne, wannan kam ba ki yi ƙarya ba. Ba a yi mako ba lambar ta soma hawa. Ina zagaya tsakar gida, amma tsakar gidan taku goma ce, kuma ana ganina sai a kawo kujera. Ƙishi ya dawo, idona yana hazo. Yayanki ya ce rana ce ta kasuwa ta lalata ni, ya ƙara mini matashi. Jiya lokotoro ya nuna mini yadda ake soka allura a ciki, ya ce in soma sabawa da ganinta. Habu kuma ya kai wani mutum ya duba rijiyar.

Na rubuta ne don ki san abin da kika saya mini.

Barira

*

Yamai, ƙarshen watan takwas

Zuwa ga Goggo Barira.

Amin wa alaikumus salam. Ina durƙushe ina gaishe ki. Lafiyata ƙalau, amma tun jiya ban iya haɗiye abinci ba. An tura mu aikin koyo wani ƙauye bayan Dosso, sai jiya na dawo na tarar da takardunki biyu a ajiye. Wallahi ba shiru na yi ba.

Goggo, ban ce kina cin kasuwa ba. Ga abin da ya faru. Yaya Mahamud ne ya aiko mini da hoton lambar injin, yana murna. Ya ce, “Kin gani, lokotoro ƙarama? Hutu ya yi magani. Daga wata mai zuwa ko zuwa Birnin ma zan hana, ta huta gaba ɗaya.” Ina tsaye a bakin aji na karanta. Na ga zai kashe abin da ke warkar da ke, yana zaton alheri yake yi. Na amsa da sauri da Faransanci, yadda muka saba. Na ce ba hutu ba ne, Goggo tana “marche” kowace safiya.

A Faransanci “marche” tafiya ce da ƙafa. In aka ɗora wani ɗan layi a kan harafin ƙarshe, “marché”, sai ta koma kasuwa. A tarho kuwa mutane da yawa ba sa wahalar sa layin nan, mai karatu ne ke ɗora shi da idonsa. Ni tafiya na rubuta, shi ya ɗora layi ya karanta kasuwa. Ya amsa da kalma ɗaya, “Merci”, ni kuma na ɗauka ya fahimta, na tafi ƙauye hankalina kwance.

Na kira shi jiya bai ɗauka ba. Ki nuna masa wannan takarda, ya buɗe tarhonsa ya duba da kyau.

Na san na yi alkawari. Amma ki duba, Goggo, da na yi shiru ma zai hana ki fita. Don lafiyarki na yi. Kuma ko an kai ga allura, ba ƙarshen duniya ba ce, tana ceton rai, ana kuma iya haɗa ta da tafiya. Ki yafe mini, ki rubuto mini lambar wannan makon.

Ɗiyarki, Ilham

*

Damagaram, watan tara

Ilham,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso. Ina fata kin ci abinci, ba na son a ce na kashe ɗiyar mutane da yunwa.

Na nuna masa. Ya buɗe tarho, ya kawo shi kusa da ido, ya kai nesa, sai ya dafe kai ya ce, “Kash, Inna, ba aksan!” Ɗan layin nan yake nufi. Har da ’yar dariya. Ya ba ni haƙuri. Na ce to a gaya wa gardi. Sai ya gyara zama ya ce ai tafiyar ma ba ta dace ba, mutane ba za su san magani nake yi ba, za su ce ya kasa biya mini kabu-kabu.

Na daɗe ina kallonsa. Yaron nan an ce masa uwarsa na kasuwa, bai tambaye ni ba, katifata ya ɗaga. An ce masa ba kasuwa ba ce, magani ne, har yanzu bakin mutane yake ji, ba ya jin nawa.

Na aika wa Habu ya turo mini buhun dabinon bara da barkono. Ranar da suka iso na ari farantin Zahra’u, na karya, na sa takalmin soja, na ɗora kaya a ka. Gardi ya tsaya a ƙofa yana kallon ƙasa. Yayanki ya fito da makullin mota a hannu. Ilham, tun ranar suna ban taɓa kama sunan yaron nan ba. Ran nan na kama. Na ce, “Mahamud, an riga an yi mini kunyar kasuwar da ban ci ba. Yau zan je in ci abata. Matsa.” Ya tsaya baki buɗe kamar an mare shi. Ya matsa.

Yanzu kowace safiya sai Kasuwar Dole da ƙafa, in biya ta Birni a dawowa. Kande ta yi kwana uku tana kumbura, ran na huɗu ta buɗe ƙofa. Ina sayar wa mutane dabinon da ni ba na ci sai biyun nan na bakin zane. Lokotoro na faɗa masa da bakina, ba a kunne ba. Ya ce da na faɗa tun farko da shi ya tsawata wa yayanki. Ya ba ni zuwa bayan kaka.

Saura ke. Kin yi mini bayanin ɗan layi, na kuma gane, kin iya bayani. Na cire ƙarya daga laifinki. Amma layin nan ba shi na ba ki ajiya ba. Da ya karanta tafiya da ya karanta kasuwa, bakin da ya rantse ne ya buɗe. Kin ce don lafiyata. Da don lafiyata ce, da kin rubuto mini, “Goggo, ga abin da Yaya ke shiri,” ni in san yadda zan yi da ɗana. Ba ki yi ba. Ya ce hutu ne, ke kin san ba hutu ba ne, kika kasa haɗiye gaskiyarki na minti ɗaya. Kin fi son ki ci gardama da ki riƙe amana. Kuma ko a takardar neman gafara sai da kika tambayi lamba.

Na yafe miki don Allah, ba na son in je lahira da kayan kowa.

Barira

*

Yamai, watan goma sha ɗaya

Zuwa ga Goggo Barira.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fata sanyi ya zo da sauƙi. Ni lafiya lau.

Wannan ita ce ta uku da na aiko ba amsa. Labarinki a bakin mutane nake tsinta. Alkasum ya ce ya gan ki a Dole kina ciniki kamar wadda aka haifa a rumfa. Anti Zahra’u ta ce lokotoro ya ɗage maganar allura, ya ce ki ci gaba da ƙwaya da tafiya, ki riƙa zuwa awo. Na yi sujada da na ji.

Ba zan ƙara kare kaina ba. Abin da kika faɗa haka yake. Amma Goggo, aikin lambu ya fi tafiya nauyi, ƙwayar tana iya yi miki yawa. Jirin yana dawowa? Ƙafar fa? Idon ya washe? Nawa lambar take da safe? Ki faɗa mini ko da layi ɗaya ne. Na rantse ba wanda zai ji.

Ɗiyarki, Ilham

*

Gidimuni, watan goma sha biyu

Zuwa ga Ilham, a Yamai.

Amin wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ke da karatu. Takardunki duka sun iso, na gode.

Na dawo gida. Tafki ya cika bana. Na share rijiya, na buɗe fangali, albasa ta fito, rogo ya kusa tono. Habu yana gaishe ki. Yayanki ya zo ran Lahadi ya kawo buhun shinkafa, ya tsaya daga nesa yana kallona ina jan guga. Ga ƙullin dabino nan wajen Alkasum, ki ci da ƙawayenki. In kin sami hutu ki zo, ɗakin baƙi a share yake, rogon da kika ce za ki ci yana nan.

Kin tambayi jiri da ƙafa da ido da lamba. Waɗannan na lokotoro ne, shi nake faɗa wa.

Ke kuwa, lafiyata lau.

Goggonki, Barira